Wanda Ya Sayar da Ƙaninsa Don Rigar Ungulu

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a wani ƙaramin gari cikin kwarin Kalifoniya, inda gonakin inabi da na lemo suka sa gari a tsakiya, babbar hanya ta ratsa shi. Sunansa Dalton. Ba zan faɗi sunan gidansu ba, domin akwai yara da suke ɗauke da sunan nan har yau, kuma ba su ci ba, ba su sha ba. Na daɗe a garin. Na san gidan, na san uwar da ta haife shi.

Su biyu ta haifa, shi da ƙaninsa Curtis. Ubansu ya rasu suna ƙanana, motar noma ce ta kife ta danne shi. Uwarsu Odessa ita ta tsaya musu. Shekara da shekaru tana tsaye a rumbun da ake tsince lemo ana jerawa a kwali, har ƙafafunta suka kumbura, yatsunta suka ƙage. Ba ta sake aure ba. Ba ta taɓa barin yaran nan su kwana da yunwa ba, ko da ita za ta kwana da ruwan shayi kawai a ciki.

Yara suka girma. Curtis ya zama direban tankar madara, yana zaga gidajen shanu yana kai wa kamfani. Mutum ne marar hayaniya. Ya auri wata mai suna Lorna, suka haifi mata biyu, ranar Lahadi ya ɗauko uwarsa su tafi coci. Dalton kuwa mai walda ne, kuma Allah ya ba shi hannu. Duk ƙarfen da ya karye a kwarin nan, in aka kai masa sai ya koma kamar ba a taɓa ba. Da ya tsaya a nan, da ya tsufa da mutuncinsa. Amma akwai wani ciwo a zuciyarsa: yana so in ya shigo wuri a yi tsit. Ba ya son a so shi kamar yadda yake so a ji tsoronsa.

A garin akwai ƙungiyar masu manyan babura, suna kiran kansu Ungulayen Kwari. Kowannensu da baƙar rigar fata marar hannu, an ɗinka ungulu a baya ta buɗe fukafukai. In suka jero kan titi, ƙarar injinansu har gilasan shaguna take girgizawa. A fili gareji gare su, gyaran babur da sayar da taya. A ɓoye fataucin ƙwaya da bindiga suke yi. Ɗan sanda ya sani, mai shago ya sani, fasto ya sani. Amma duk Kirsimeti sai su ɗauro 'yan tsana a bayan babura su kai wa yara marasa lafiya a asibiti, a ɗauke su hoto, a buga a jarida. Ku ji ƙarfin hali! Ka shekara kana sayar wa uba guba, ƙarshen shekara ka miƙa wa ɗansa 'yar tsana, a tafa maka.

Ɗakin da suke kullewa su kitsa sharrinsu kuwa, kun san sunan da suka sa masa? Coci. In za su yanke wanda za a karya wa ƙafa, sai su ce, “Yau akwai coci.” Wanda ya mai da sunan ɗakin ibada abin wasa, me ya rage da zai ji kunyarsa?

Shugabansu wani dattijo ne, Virgil, mai farin gemu da ya kitse, mai sanyin murya. Bai cika ɗaga murya ba, kowa “ɗana” yake ce masa. Wata rana ya kawo wa Dalton babur ɗinsa da ya tsage a ƙugu. Da aka gama, ya shafa wurin da yatsa, ya dubi Dalton, ya ce, “Ɗana, wannan hannun ya fi ƙarfin ɗinkin garmar manoma. Wa ke kula da kai a garin nan?”

Tun da ubansa ya mutu babu namijin da ya ce masa “ɗana”. Wannan kalmar ce ƙugiyar. Shaiɗan ba ya zuwa maka da abin da kake ƙi, ya 'yan uwa. Yana duba inda kake da rami ne ya zuba maka zuma a ciki.

Dalton ya fara bin su. Kafin a ba mutum riga sai ya yi bauta. Ƙato da gemunsa, mai sana'ar hannu, ya koma wanke baburan wasu, ɗauko musu giya, tsaron ƙofa a rana kamar kare. Uwarsa in ta aike shi sayen magani sai ya ce aiki ya yi masa yawa, amma in ɗan ƙungiya ya yi fito sai ya taso a guje. Ranar da aka sa masa rigar, aka zagaye shi ana bubbuga masa baya, ya rantse cewa ƙungiya tana gaba da komai: gaba da mata, gaba da ɗa, gaba da mahaifiya. Suka ce masa, “Daga yau mu ne danginka.” Ya yi hawaye don daɗi.

Da ya je gida da rigar, Odessa ta tare shi a bakin ƙofa. Ta ce shi ɗanta ne, ƙofarta a buɗe take gare shi kullum, amma wannan mushen tsuntsun ba zai shiga ɗakinta ba. Tun daga nan duk Lahadi in ya zo cin abinci sai ya tuɓe rigar ya rataya a kan babur. Ya yi aure, ya samu ɗa namiji, ya sayi gida. Bai tambayi kansa daga jinin wa gidan ya fito ba.

Aka yi shekaru a haka. Sannan ranar da take zuwa ta zo.

Da rana tsaka ne, lokacin zafi. Curtis ya taho da tanka a kan hanyar gona. A gefen hanya akwai rumfar wata mata mai suna Amparo, tana sayar da kankana da lemo. Mijinta lebura ne a gonar inabi, 'ya'yansu uku. Ta tsallaka titi ta miƙa wa wani mai mota kankana, tana dawowa sai ga babur a guje, mahayin ya sha ya yi tatul. Ya kwashe ta ya watsar. Shi ma ya faɗi, hular kwanonsa ta fita. Ya tashi, ya dubi matar tana shure-shure, ya ɗaga babur ɗinsa ya hau ya gudu.

Curtis ya ga fuskarsa sarai. Travis ne, ɗan Virgil, ɗansa guda tilo.

Curtis ya tsai da tanka ya sauko. Ya tallafo kan matar ya ɗora a cinyarsa. Tana ta magana da harshenta, ba ya ji, sai sunayen yara da take maimaitawa. A hannunsa ta cika. Da 'yan sanda suka zo suka tambaya ko akwai wanda ya ga mahayin, mutanen da suka taru kowa ya dubi takalminsa. Curtis ya ce, “Ni na gan shi.” Ya faɗi suna.

Aka kama Travis, aka ba da belinsa, aka sa ranar shari'a. Shaida ɗaya ne tak, shi ne Curtis.

Ungulaye suka shiga cocinsu suka rufe ƙofa. Babu wanda ya ambaci sunan matar da ta mutu. Babu wanda ya tambayi wa zai riƙe marayunta. Maganarsu ɗaya: akwai baki da ya buɗe, dole a rufe shi. Duk idanu suka koma kan Dalton. Virgil ya ce a hankali, “Ɗana, ƙaninka ne. Ba na so wani ya taɓa shi. Je ka ka yi masa magana irin ta 'yan uwa, ya ce rana ce ta kashe masa ido.”

Ranar Lahadi Dalton ya je gidan uwarsa. Wannan karon bai tuɓe rigar ba. Ya shigo da ita har kan tebur, inda aka jera soyayyar kaza da dankali da gasasshiyar masara. Odessa ta dube shi, ta dubi rigar, ta ce wa Lorna ta kai yara bayan gida su yi wasa.

Ya fara da lallashi. Ya ce matar nan ta riga ta mutu, ɗaure Travis ba zai dawo da ita ba. Ya ce ƙungiya za ta kula da mijinta a ɓoye. Ya ce su waye ma mutanen nan, baƙi ne masu tsinkar inabi, bana suna nan baɗi sun tafi. Curtis yana ta cin masararsa. Da Dalton ya ga lallashi bai ci ba, ya buga tebur, ya ce, “Kai wawan ina ne? Ka san da wa kake ja? Ka zauna cikin tankarka ka yi ta jigilar nono, ka bar maza su yi harkarsu!”

Curtis ya ajiye masarar. Ya ce, “Yaya, rigar da na sa ranar tana nan a mota, jininta bai fita ba. In kana so in ɗauko maka ka gani. A cinyata ta mutu tana kiran 'ya'yanta. Ka ce in tsaya gaban alƙali in ɗaga hannu in rantse da Allah ban gani ba? Da Mama ce aka take haka fa, wani ya gani ya yi shiru, me za ka ce da shi?”

Dalton ya ce, “'Yan uwana ne.”

Odessa ta ce, “'Yan uwanka? Ni dai biyu na san na yi naƙudarsu. In akwai wasu, ban san ranar da na haife su ba. Tashi ka fita mini da wannan ƙazantar. In ka tuɓe ta ka dawo, abincinka yana nan.”

Ya fita ya bugo ƙofa har hoton ubansu ya faɗo daga bango.

To, a nan ne, ya 'yan uwa, Allah ya buɗe masa ƙofa, ya ƙi shiga. Yana iya komawa ya ce wa Virgil, “Ƙanina ne, wanda zai taɓa shi sai ya fara da ni.” Yana iya kiran Curtis ya ce masa ya kwashe iyalinsa ya bar gari har a gama shari'a. Magana ɗaya ce. Bai yi ba. Me ya hana shi? Tsoron kada a ce ya yi laushi. Tsoron kada a karɓe rigar.

Da ya kai rahoto, Virgil ya girgiza kai kamar mai jin tausayi. Ya ce babu komai, yaransa za su ɗan ja wa Curtis kunne ne kawai, mari biyu, ya gane duniya. Abin da ake so daga Dalton kaɗan ne: ya fito da shi inda babu jama'a. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Ka yarda da ni, ɗana.”

Kada wani ya ce an yaudare shi. Ƙarya ne. Dalton ya san mutanen nan. Ya sha ganin abin da suke kira jan kunne, ya sha riƙe wa masu dukan rigunansu. Zuciyarsa ta gaya masa gaskiya, ya toshe mata baki. Mutum in yana son ya aikata ɓarna, yakan nemi wanda zai yi masa ƙarya mai daɗi don ya samu abin jingina.

Ya bari aka kwana biyu, sannan ya buga wa Curtis waya. Ya sassauta murya. Ya ce ya yi tunani, ya yi kuskure, bai kyauta wa Mama ba. Ya ce ranar Asabar su je madatsar ruwa su yi kamun kifi kamar da, su binne maganar. Curtis ya yi murna ƙwarai. Lorna ta ce masa hankalinta bai kwanta ba. Ya yi dariya ya ce, “Yayana ne fa. Shi ya koya mini tuƙin keke.”

Ranar Asabar da hantsi Curtis ya iso da 'yar motarsa ta ɗaukar kaya, da sandunan kamun kifi biyu, da kofi a fulas, da burodi da nama da Lorna ta naɗe musu. Ya tarar da Dalton a tsaye. Ya rungume shi. Ya zuba masa kofi. Suna tsaye Dalton yana riƙe da kofin, sai ƙarar babura ta taso daga bayan itatuwa. Mutum uku ne, ɗaya da sarƙa, ɗaya da ƙarfen kwance taya.

Curtis ya dube su, ya juyo ya dubi ɗan uwansa. Bai gudu ba. Ya ce, “Yaya?”

Dalton ya juya baya ya fuskanci ruwa.

Ya ji komai. Ya ji faɗuwar farko, ya ji ƙarar ƙarfe a kan ƙashi. Ya ji ana kiran sunansa har sau nawa, tun da ƙarfi har muryar ta koma gurnani. Ƙato ne, ya fi kowannensu ƙarfi, da bindiga a ƙugunsa. Taku biyar ne tsakaninsa da ɗan da suka sha nono ɗaya. Ya tsaya yana kallon ruwa da kofin kofi a hannu. Wane irin namiji ne wannan? Kare ma in ka taɓa ɗan uwansa yakan yi haushi.

Da suka gaji suka hau babura suka tafi. Ɗayansu ma har ya ɗauki naɗin burodin ya tafi da shi. Sai a lokacin Dalton ya juyo. Abin da ya gani a ƙasa bai yi kama da Curtis ba. Ya kinkime shi ya sa a bayan mota, ya kai ƙofar asibiti, ya danna oda, ya sauka ya gudu da ƙafa.

Curtis bai mutu ba. Wani lokaci mutuwa ma rahama ce da ba kowa ke samu ba. Likitoci suka ɗinke kan, amma abin da ke ciki ya lalace. Ƙafafu suka mutu, hannu ɗaya ya shanye, magana ta tafi. Mutumin da ya tsaya shi kaɗai ya faɗi gaskiya a garin da kowa ya sunkuyar da kai, ya koma sai an ba shi abinci a baki, sai an goge masa yawu.

Babu shaida, sai aka kori ƙarar Travis. Mijin Amparo ya tsaya a ƙofar kotu da yaransa uku da hularsa a hannu, yana kallon wanda ya kashe matarsa ya fito ana rungumarsa. A daren nan Ungulaye suka gasa nama.

Dalton kuwa ba a sha wuyar kama shi ba, domin Lorna ta san wanda mijinta ya je gani. Mai gabatar da ƙara ya zaunar da shi ya ce sun san ba shi kaɗai ba ne, ya faɗi sunayen sauran da wanda ya aiko su, a rage masa. Lauyan ƙungiya kuma ya kawo masa saƙon Virgil: ya yi shiru, matarsa da ɗansa ba za su rasa komai ba, babur ɗinsa za a lulluɓe a ajiye masa, sunansa zai zama abin yi wa sababbi misali. Dalton ya zaɓi shiru. Ya ɗauki laifin duka a kansa. Alƙali ya yanke masa shekarun da suka fi sauran rayuwarsa yawa.

Da za a fita da shi, ya ɗaga hannuwansa da ankwa ya jinjina wa Ungulayen da suka cika ɓangare ɗaya na kotun. A ɗaya ɓangaren uwarsa ce zaune ita da Lorna. Bai dubi wajen ba. Yana taƙama shi namiji ne, bai ci amana ba. Amanar wa? Ka ci amanar nonon da ka sha, ka ci amanar jinin matar da aka take, sannan ka bugi ƙirji don ka riƙe amanar ɓarayi?

Da fari suna zuwa ganinsa, su jero babura a ƙofar kurkuku. Daga baya mutum biyu, daga baya ɗaya, daga baya sai gaisuwa a bakin wani. Babur ɗin da aka ce an lulluɓe, aka ba wani sabon yaro yana yawo a kai. Matarsa ta je gareji neman taimako, aka bar ta a tsaye a rana, wani ya ce mata in tana son taimako ta san abin da mace take bayarwa. Gidan ya tafi. Ta ɗauki ɗansu ta koma wata jiha, ta canja masa suna. Duk da haka Dalton yana cewa Virgil bai sani ba ne, da ya sani da bai bari ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ita kuma kurar tana yi wa gardi addu'a.

Ana nan, jami'an gwamnatin tarayya suka yi wa ƙungiyar dirar mikiya. Suka kama Travis da mota cike da kaya, irin kamun da ba a fita. To, kun san abin da dattijon nan mai farin gemu ya yi, wanda ya rantsar da mutane cewa ƙungiya tana gaba da ɗa? Ya sa kwat ya je ya zauna da jami'an. Ya ba su kowa. Sunaye, wurare, kaburburan da ke cikin gonaki, duk ya zayyana, a kan sharaɗi ɗaya: a sassauta wa ɗansa. Aka ɗauke shi da iyalinsa aka kai wani gari da ba wanda ya sani, da sabon suna.

Aka yi ta kawo Ungulaye kurkuku kamar an kaɗo tumaki. Cikinsu har da Moss, wanda ya riƙe ƙarfen taya a bakin madatsar ruwa. Dalton ya tare shi a fili lokacin shan iska ya ce ƙarya ake yi wa shugaba, ko? Moss ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki.

Ya ce, “Kai har yanzu kana nan inda muka bar ka? Tsohon ya sayar da mu kaf saboda ɗansa. Kuma in gaya maka, ban ga laifinsa ba, ko ni ne haka zan yi. Kowa ya san maganar nan ta 'mu ne danginka' ta bakin giya ce. Duk kwarin nan mutum ɗaya na sani da ya ɗauke ta da gaske har ya kawo mana ƙaninsa da hannunsa. Mu kanmu ranar mun yi mamakinka.”

Dalton ya shaƙe shi, sai da gandirobobi suka taru suka ɓamɓare. Aka jefa shi ɗakin kaɗaici. A can ya yi ta buga kansa da bango yana ihu, babu mai amsawa. Shaƙe Moss me zai gyara? Gaskiya ya faɗa masa.

Bayan wannan ne Odessa ta zo, zuwanta na farko. Ta tsufa ƙwarai, tana dogara sanda. Lorna tana aiki wuri biyu don ta riƙe yara, saboda haka tsohuwar nan ita ke juya Curtis a gado, ita ke yi masa wanka, ita ke kwashe masa, matar da ta kai lokacin da ita ya kamata a yi wa. Ta zauna a bayan gilashi ta ɗauki wayar da ake magana da ita. Dalton ya fashe da kuka yana cewa, “Mama, ki yafe mini, Mama.”

Ta bar shi ya yi har ya gaji. Idonta a bushe. Sannan ta ce, “Ban zo don wannan ba. Na zo ne in gaya maka abu ɗaya, don bai kamata in ɗauke shi ni kaɗai ba. Ƙaninka bai san abin da ya same shi ba. Likita ya ce ranar ta goge daga kansa. Bai san sunan matarsa ba, bai san na 'ya'yansa ba, ni ma kallona kawai yake yi. Kalma ɗaya ta rage masa a baki. Duk lokacin da babur ya wuce a titi, sai ya juya kai wajen ƙofa, fuskarsa ta washe, ya ce 'Yaya'. Yana jiranka ka zo. Ni nake ce masa kana hanya.”

Ta mai da wayar ta rataye. Ta miƙe da ƙyar, ta juya, ta tafi. Ba ta sake zuwa ba har ta koma ga Mahaliccinta. Dalton yana nan har yau, gashi ya yi fari, ba mai ziyara, ba mai tambaya. Waɗanda suke kwana kusa da shi sun ce ko ƙarar babur ya ji daga nesa, a kan hanyar da ta wuce bayan katanga, sai ya toshe kunnuwa da hannu biyu.

Ya 'yan uwa, na ba ku labarin nan ne domin raina yana ɓaci. Ina ganin samarinmu sun duƙufa a kan talabijin da waya suna kallon wasannin da ake shiryawa a kan irin mutanen nan. An sa musu kiɗa mai daɗi, an gyara musu gemu, an nuna su suna rungumar juna suna cewa za su mutu don ɗan uwa. Yaro ya kalla ya ce, “Kai, waɗannan su ne maza.” Maza? Na zauna da su, na ga abin da suke bari a baya. Mai ɗaukar hoto ba ya bin tsohuwa ɗaki ya nuna tana canja wa ɗanta mai shekara arba'in zanin gado. Ba ya tsayawa a kan yara uku da aka bar wa rumfar kankana. Wannan ba ya sayuwa.

Kuma kada ku ce abin na can nesa ne. Rigar ce take canjawa. Wani tasa ta fata ce, wani hula ce, wani zobe, wani tambarin ƙungiya, wani sunan uban gida. Duk taron da ya ce maka ka rantse ka fifita shi a kan uwarka, ka gudu. Duk wanda ya ce maka 'yan uwantaka ita ce ka rufe bakinka a kan jinin da aka zubar, maƙiyinka ne ko da yana ce maka “ɗana”. Abin da aka ƙulla a kan saɓon Allah ba zumunci ba ne, haɗin kan ɓarayi ne, kuma yana ƙarewa ranar da aka kama na farko.

Ɗan uwanka na gaskiya shi ne wanda zai riƙe hannunka in ka ɗaga shi za ka yi zalunci, ko da za ka zage shi. Curtis shi ne ya so Dalton, da ya ƙi yi masa ƙarya. Odessa ita ce ta so shi, da ta tare shi a ƙofa. Ya bar masu ce masa “bari” ya bi masu tafa masa. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ku tuna kuma akwai wata kotu a gaba, wadda ba a korar ƙara don an kashe bakin shaida. A can hannu zai yi magana, ƙafa za ta yi magana, bayan da aka juya zai yi magana. Babu shugaba, babu lauya, babu jerin babura a ƙofa. Kowa zai zo shi kaɗai, ba riga a jikinsa. Wanda ya yi duka da wanda ya aika da wanda ya tsaya yana kallon ruwa, duk za a tambaye su.

Saboda haka kowa ya duba wa yake bi, ya duba wa ɗansa yake kira uba a waje. Wanda ya riga ya sa ƙafa, ya zare tun ana ce masa ya dawo abincinsa yana nan. Wanda yake da uwa a raye, ya je yau, ba gobe ba.

Ya Allah, kada ka haɗa mu da abokan da za su raba mu da kai. Kada ka sa tsoron mutane ya fi tsoronka girma a zukatanmu. Ka ba mu ƙarfin faɗin gaskiya ranar da kowa ya sunkuyar da kai, ka hana hannunmu zama sanadin hawayen iyayenmu. Ka tsare mu, ka tsare 'ya'yanmu, ka kiyaye mu daga ranar da nadama ba ta da amfani. Amin.